Kada a Shafe Bangon Mashayar Bakin Gada

Mai girma shugaban majalisar garinmu na Harlcombe, 'yan majalisa, limamin cocinmu, iyaye, ɗalibaina da suka cika kujerun baya, jama'a baki ɗaya, barkanku da yamma. Ina godiya da kuka ba malamar tarihi dama kafin ku kaɗa ƙuri'a.

Kun san abin da ya tara mu. Mista Haskett, sabon mai mashayar Bakin Gada, yana neman izinin shafe ɗakin ƙarƙashin ƙasa da siminti ranar Litinin, wai fatalwa ta hana ma'aikatansa sauka.

Da farko, ɗakin nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Shekara ɗari biyu da suka wuce, a nan keken fursunoni yake yada zango a hanyar tashar jirgin ruwa. Masu gadi suna sama suna shan giya, mutanen da aka yanke wa hukuncin kora zuwa Ostireliya suna ƙasa ɗaure a zobban ƙarfe, suna karce sunayensu a bango da ƙusa. Ni da ɗalibaina mun karanta goma sha tara. Sauran suna bayan gangunan giya, kuma tun da muka nemi a matsar da gangunan aka kulle mana ƙofa.

Na biyu, yaushe fatalwar nan ta zo? Na tambayi Misis Pugsley, wadda ta yi shekara arba'in tana zuba giya a gidan. Ta ce, "Fatalwa? Haba 'yar nan! Ɓera ne kawai ya taɓa bin ƙafata a can, shi ma ya fi Haskett kunya." Ban ce kowa ya yi ƙarya ba. Na dai lura cewa fatalwar ba ta fara ƙwanƙwasa ba sai makon da muka rubuta wa hukumar adana kayan tarihi. Na kuma lura cewa idan hukumar ta ga bangon, ba mai taɓa shi, ɗakin rawar da Mista Haskett yake son ginawa a wurin kuwa ya sha ruwa.

Jama'a, an raba mutanen nan da ƙasarsu, an raba su da 'ya'yansu, ba su da ko kabari a nan. Sunayensu kaɗai suka bari. Ku hana izinin nan, ku sa a buɗe ƙofa. Idan ma'aikata suna tsoro, ni zan fara sauka.

Allah Ya ba majalisa basira, Ya albarkaci garinmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.