Hannun da Na Hana Hutawa

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bitrus, ni ne mai rubuta wa mawaƙan majami'armu waƙoƙi a nan Birnin Kebbi.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba ni kyan rubutu, ni kuwa na mai da shi abin fahariya. Duk sabuwar waƙa, ni kaɗai nake kwafa wa kowa da hannu. Da matasa suka ce a kai shago a buga, na ce waƙar inji ba ta da albarka. Ƙarya nake yi! So nake in ji ana cewa, "Kai, rubutun Baba Bitrus!"

A kan tabarma nake zama, takarda a kan gwiwa, in lanƙwashe wuyan hannu kamar lauje don haruffa su kwanta, in matse biro tam. Matata Hannatu takan ce, "Baban Iliya, ga tebur can. Ko tabarmar nan gadonka ce?" Sai in ce ta kula da tukunyarta.

Muna shirin taron waƙa a Argungu, sai hannun ya ƙi. Zafi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, yatsu kamar ba nawa ba. Ko lomar tuwo na kasa yankowa. Waƙoƙin ko rabi ban kwafa ba, mawaƙa suna jira ba su da abin koyo, ni kuma ina ɓoyewa.

Da abin ya ishe ni, na je wurin Fasto muka durƙusa. Warkarwa na je roƙo, amma ina cikin addu'a zuciyata ta tambaye ni: yabon wa kake nema? Na fashe da kuka, na faɗi gaskiya duka. Fasto ya ce, "Allah ya ji. Yanzu tashi ka je asibiti."

Likita ya miƙo mini biro. "Baba, rubuta sunanka in gani." Da ya ga yadda na lanƙwashe hannun, ya ce, "A haka kake yini? Ai jijiyar kake shaƙewa." Ya ce in huta tukuna. In na koma, in ɗora hannu a kan tebur, wuyansa a miƙe, in sassauta riƙo, in riƙa tsayawa ina shan iska.

Ran Lahadi na roƙi mawaƙa gafara, muka raba aikin. A Argungu, takardar da Mama Ladi, shugabar mata, ta kwafa da hannunta na riƙe.

Ta raɗa mini, "Kana ganewa kuwa?"

Na ce, "Kamar tonon kaza, amma muryata ta fita!"

Yau zafin ya tafi, ina rubutu cikin kwanciyar rai. Na gode wa Ubangiji! Ɗan'uwa, abin da kake ɓoyewa, kai masa shi. Ya karɓe ni, zai karɓe ka. Amin.