Kwalbar Da Ta Fashe a Kan Dutsen Niƙa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake jin mutum ko da harshensa ya bushe.

Sunana Iliya, tela ne ni. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai ina da keken ɗinki a kasuwar Illela, ina yi wa fatake masu ƙetarawa Ƙonni riguna. Sai ido ya fara cin amanata. Fitila ɗaya in gan ta uku har da jela, ramin allura kuwa sai lalube. Wata rana na ɗinke wa wani alhaji bakin aljihu ruf, kasuwa ta sami abin dariya.

Fastonmu ya tura ni asibitin ido a Kano. Likita ya ce gaban idona ne ya yi tsini kamar kan ƙwai. Tabarau ba zai yi ba, sai wani ɗan gilashi da ake ɗorawa a kan idon kansa. Amma kafin a auna ni sai an buɗe ƙwayar idon da magani. Ya ba ni 'yar kwalba, ya ce ɗigo ɗaya tak a rana, in fara idan ranar komawata ta kusa.

To, a gidanmu ba a san ɗigo ɗaya ba. Mu magani cika ƙwarya ake yi. Wana Tanko, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya juya kwalbar ya taɓe baki.

"Ɗigo guda mi za shi yi ma ƙato irin wanga? Rahila, cika mishi."

Rahila matata ce, ba ta taɓa musa wa Tanko ba. Ta cika, safe da rana da maraice.

Tsakiyar bazara ce. Haske ya zama mini allura. Bakina ya bushe, jikina ya yi zafi jau, amma ko ɗigon zufa babu. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta faso. Daga nan na fara ganin ƙadangaru da fuskokin masu kawo mini ɗinki, na yage riga na nufi hanyar iyaka a guje.

Tanko ya sa aka kamo ni, aka ɗaure ni a turken rago, a tsakar gida, cikin rana. Wai iska ce ta kama ni, kuma rana ce za ta kore ta. Ya ware mini ido da yatsu yana nuna wa maƙwabta.

"Ku diba, baƙi ƙirin. Wanga idon mutum ne?"

Sai ya ce ciwon ne ya ƙaru, a ƙara magani. Mata suna leƙowa ta katanga. Wani dattijon ikkilisiyarmu ya tsuguna gabana ya ce, "Hwaɗi zunubin da kaka ɓoyewa, ka huta." Ko ruwa bai miƙo mini ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ina ji Tanko yana shirya kai ni gidan da ake sa wa mahaukata mari a ƙafa, ya sayar da keken.

Harshena ya manne, sai a zuci na yi addu'a. Na ce, "Yesu, kai ma ka sha ƙishi a rana, a ɗaure. Ban san abin da ke kashe ni ba. Kai ka sani, ka tsayar da shi."

Da azahar Rahila ta zo da kwalbar. Na fizge kai, kwalbar ta suɓuce ta faɗa kan dutsen niƙa, ta tarwatse. Tanko ya kwaɗa mata mari har haƙorinta ya fita. Ni kuwa na so in yi kuka, hawaye ya ƙi zuwa. Na ɗauka Allah ya zubar da maganina ne.

Washegari zufa ta karyo mini. Ƙadangarun suka tafi, na kira Rahila da sunanta. Ta kwance igiyar ba ta nemi izinin kowa ba.

Da na koma Kano, likita ya ji labarin. Ya ce maganin yakan bi ta kusurwar ido ya gangara maƙogwaro ya shiga jini, idan ya yi yawa ya hana zufa, ya juya hankali. Da kwalbar ba ta fashe ba, da wata maganar ake yi.

Ranar da aka ɗora mini gilashin, ya yi ta sukata, ina ta hawaye. Da ido ya washe, abin da na fara gani sarai shi ne sawun igiya a wuyan hannuna. Na dawo gida na ga giɓin bakin Rahila.

Tanko bai taɓa cewa yi haƙuri ba. Har ya mutu yana cewa ranarsa ce ta warkar da ni. Na daɗe kafin in yafe masa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ni na ɗinka rigar da aka binne shi da ita, kuma da kaina na zura zaren.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Ku bi maganar likita yadda ya faɗa, ɗigo ɗaya ɗigo ɗaya ne. In kuma kun yi addu'a kuka ga abin da kuke dogara da shi ya fashe a gabanku, kada ku yi saurin fushi da Allah kamar yadda na yi. Ku dogara gare shi. Amin.