Takardar Gyula

A tashar bas da ke gaban wani asibiti a Budapest, ƙarshen Fabrairu, ƙanƙara ta narke ta zama caɓi. Wata mata riƙe da takarda ta zauna kusa da wani tsoho.

"Baba, don Allah wace mota ce ke hawa dutsen tsohuwar fada?"

"A wannan sanyin? Baiwar Allah, me kika ajiye a can?"

"Mijina Gyula ne ya rubuta mini. Wai in hau in kalli kogi, in shiga gidan wankan ruwan zafi na garin, in ci kifi a babbar kasuwa. Jiya muka zo daga ƙauye."

"Shi yana ina, ya bar ki da aiki?"

"Yana ciki, ana masa aikin zuciya, awa shida. Ya ce kada in zauna ina kallon ƙofa, kuma idan ya farka sai na ba shi labari."

"To, sai ki tashi mana."

"Bas uku sun wuce, ƙafata ta ƙi. Kai ɗan gari ne, faɗa mini abin da ake gani daga sama, in je in faɗa masa."

"Shekara saba'in ina garin nan, ban taɓa hawa ba. Kullum matata na cewa mu je, ina cewa sai sanyi ya wuce."

"Yanzu fa?"

"Sanyi ya wuce sau huɗu babu ita." Ya gyara hularsa. "Ki ce masa hazo ya rufe kogin, ba ki ga komai ba. Dole ya tashi ya kai ki da kansa."