Gida na Sha Huɗu da Gida na Tamanin

Mai girma shugaban taro, masu unguwannin Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu, limamai da fastoci, 'yan kwamitin rabon gidaje, iyayena mata da ke can baya inda fanka ba ta kaiwa, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Madina, ina koyar da tsara birane. Na gode da minti biyar ɗin da aka ba ni, bayan maza sun yi awa biyu.

An ce in auna alheri da aibin sababbin gidajen nan na masu ƙaramin ƙarfi. Alherin a fili yake. Tun da Abuja ta cika, ma'aikatanta suka gangaro mana, mai gidan haya a Keffi ya daina yi wa ɗan haya fara'a. Yanzu malamar firamare za ta zauna inda ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ta tashi ɗansa zai yi aure. Akwai kwata, akwai titi, akwai famfo. Na murɗa shi da hannuna, kuma ruwa ya zo. Ban yi zato ba.

Aibin kuwa, wanda ya zana kicin ɗin bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma ba. Babu tsakar gida, babu wurin turmi, kasuwa ta yi nisa. Waɗannan za mu jure, mun jure abin da ya fi su.

Abu ɗaya ne nake roƙon kada mu jure. Kwamiti ya zuba lambobin gidaje a bokiti, kowa ya ɗauka, don kada a ce an yi son kai. Na yaba. Amma bokiti bai san Inna Hajo da Mama Lea ba. Shekara talatin da ɗaya suna haya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Inna Hajo na da ciwon suga, idonta ya yi rauni. Mama Lea, tsohuwar nas, ita ke yi mata allura kowace safiya kafin ta karya. Inna Hajo ta ɗauki gida na sha huɗu, Mama Lea na tamanin, can bayan tankin ruwa, ga ta da ciwon gwiwa.

Na je gaishe su. Inna Hajo ta ce, "Madina, gaya musu su riƙe gidansu. Wa zai soke ni da safe?"

Mama Lea ta ce, "Ji ta fa. Kullum tana cewa hannuna da nauyi."

"Da nauyin mana. Amma na saba da shi."

Da gaske take, jama'a. Za ta bar gidan, ta ci gaba da zaman haya da tsufanta.

Dokar kwamiti ta hana musanya, don kada dillalai su shigo. Doka ce mai kyau, a bar ta. Roƙona shi ne a yarda da musanyar da za a yi a gaban kwamiti, a gaban jama'a. Julius, mai gida na sha biyar, ga shi can tsaye, ya yarda ya bar wa Mama Lea nasa, ya koma na tamanin. Ranar Asabar za a raba makullai. Takardar musanyar tana hannuna: Julius ya sa hannu, Mama Lea ta sa, Inna Hajo ta dangwala. Ranka ya daɗe, saura kai.

Allah ya sa mu shiga gidajen nan lafiya, ya haɗa kowa da maƙwabcin kirki, ya mai da ku gida lafiya. Na gode.