Ranar da Dakta ya hau keke

Akuyata na sayar na yi kuɗin mota zuwa Kaduna, lokacin iyayenku ma ba su yi wayo ba. Na sauka Badarawa wurin ƙanwar babana, ita ta ara mini kaskon suya. Ku daina dariya, ƙosaina har layi ake yi masa.

A bakin ƙofar wata babbar makaranta nake suya, wadda 'yan boko ke kira kamfas. Wani Dakta mai kula da harabar shi ya ba ni wurin, da baki kawai. In ba shi, ba ni. Kullum yakan wuce a farar fijo, ya ɗago mini hannu.

Ran nan ina juya ƙosai sai ga Dakta a kan keke! Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, gumi na zuba. Cokali ya faɗi daga hannuna. Na ce shi ke nan, an kore shi, ni ma tawa ta ƙare. Na ƙunsa ƙosai mai zafi na tare shi a gaban ɗalibai.

"Ranka ya daɗe, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri."

"Wane abu, Inna?"

"Motar mana. Ɓarayi ne ko gwamnati?"

Ya yi dariya har keken ya karkace. Wai motar na gida lafiya lau. Shi ne ma ya sa doka: daga yanzu motoci a waje za su tsaya, malamai su hau keke ko bas ɗin makaranta, saboda hayaƙi na ɓata iska. Har suna gare shi da Turanci, wai folushan.

Mutum da motarsa, ya ajiye don iska! Wallahi na yini baki buɗe. Amma raina ya yi fari, don direbobi duk suka dawo bakin ƙofa, ciniki ya ninka. Har addu'a na riƙa yi wa keken nan.

Ba a yi nisa ba Dakta ya tsaya a gabana, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon murhuna.

"Inna, hayaƙin itacen nan har cikin aji yake shiga. Sai dai ki koma risho."

"Risho? A wannan wahalar kananzir? Ranka ya daɗe, hayaƙin tuwo ma folushan ne?"

"Na hana malamai, ba zan bar ki ba."

Ban taɓa jin abin da ya girgiza ni haka ba. Na gwada risho, ribar duk ta tafi a kananzir, ƙosan kuma ba ya yin ja. Na haƙura na ɗaure kayana.

Ranar tafiyata ina bakin titi ina jiran motar garinmu Malumfashi, sai ga Dakta ya taho a kekensa. Ya kaɗa mini ƙararrawa, ya ɗago hannu yana murmushi, bai ma lura da kayan da ke gabana ba. Ni kuwa, don tsabar sabo, sai na ji bakina ya ce, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe."