Mu Munka Zuba Kwaltar

A tashar Jega, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wani direban motar albasa daga Aliero ya tarar da Malam Mudi, tsohon lebura, zaune bakin titi.

"Baba, Maiyama za ka?"

"A'a, direba, kallon hanya nikai. Mu munka zuba kwaltar ga, daga nan har Koko."

"Ashe ku kunka sauwaƙa muna zuwa Ikko. Kwana biyu mun isa."

"Haka ɗana Waliyyu yac ce ranar da yab bi ta. Shekara tara ke nan."

Direban ya juya zai hau mota.

"In ka isa," in ji tsohon, "duba mini wani dogo mai wushirya. Ka ce mai ubanshi na nan tasha. Hanyar da ta kai shi tana maido mutane ma."