Gonar Mai Yankakken Kunne

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Haladu daga Gangara.

Kimanin shekara ɗari ke nan, ranar da Nasara suka kwashi mutane aikin dole, wani mai yankakken kunne, maƙwabcin kakana, ya bar wa kakan nawa wasiyya: "Riƙe mini gonata har ɗana ya zo nema." Suka tafi da shi, bai dawo ba, ɗan ma bai zo ba. Amanar ta bi mahaifina, ta iso kaina. Muna nomawa, mu ba da hatsin sadaka.

Bana na zaɓi ɗan wana Sani ya zama wasiyyina. Na ɓoye masa zancen gonar, don na gaji, ina so ta shige cikin gado. Bayan kwana uku ya dawo daga noma da azahar, ya ce, "Baba, wane ne dattijon nan mai yankakken kunne? Ya tare ni a bakin gona, ya ce: ashe kai ne yanzu."

Malamai masu saurare, ku ba ni shawara. In gaya wa Sani, ko kuwa an riga an gaya masa?